Tsohuwar Nan Ba Maƙwabciyarmu Ba Ce

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba. Masu bibiyar shafina ne za su karanta, kuma dama a gabansu na yi miki laifin, to gara su ji da kunnensu.

Ranar Talata shafin ya tuno mini da wani rubutu da na yi shekara tara baya, ina ajin ƙarshe a jami'a. Labarin mai ƙuli-ƙuli ne a Zango: yadda take soya gyaɗa ta murje ta kai inji, yadda take juya ƙullun a turmi tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, yadda take ɗaukar kwalla ran Lahadi ta shiga motar Mai'aduwa. Ko tabon ƙunar mai da ke bayan hannunki na dama ban bari ba. Komai naki ne, Inna. Amma a layin farko cewa na yi, "Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu."

Tsohuwa fa! Lokacin ko hamsin ba ki cika ba.

Abokaina a makaranta 'ya'yan manyan ma'aikata ne. Na taɓa ce musu ke babbar 'yar kasuwa ce mai shigo da kaya ta kan iyakar Kongolam. Wallahi ba wanda ya tambaye ni, ni na ɗauko ƙaryar da kaina. Ƙulin da kike ɗaure mini in zan koma makaranta bayan hutu, tare muke kwaɗa gari da shi, suna ta santi, ni kuwa ina cewa a tasha na saya.

Rubutun ya karɓu. Aka yi ta yaɗa shi, ana yi wa tsohuwar addu'a, ana yaba mini da tausayin talakawa. Ni kuma ina bin kowa da "na gode," kaina yana ƙara girma.

Da na gan shi ran Talata, niyyar farko in goge. Sai wata dabarar ta zo mini: in cire kalmar nan a ɓoye, in sa "mahaifiyata," in sake saka shi kamar haka yake tun asali. Wa zai gane? Kin ga har yanzu ɗan naki bai gama shiryuwa ba.

Kafin in taɓa komai na kira Yaya Hajara, don in ji ko ta tuna da rubutun. Ta ce ai ita ta karanta miki shi a makon da ya fito. Kina zaune kina murza ƙuli, ta fara karantawa da murna, layin ya fita bakinta kafin ta ankara. Ta tsaya, kika ce ta ci gaba. Kika saurara har ƙarshe hannunki bai bar aiki ba. Sai kika ce, "Yaron nan ya iya rubutu. Kada ki ce masa na ji, kar ya ji kunya."

Shekara biyar kika ƙara a duniya bayan nan. Nakan zo gida, ki tare ni da fara'a, ki tambayi aikina. Ko da wasa ba ki taɓa yi mini gugar zana ba.

Inna, kunyar da kika tare mini ta iso, kuma na cancance ta.

Don haka ban goge ba, ban kuma gyara ko harafi ɗaya ba. Ga shi nan a ƙasan wasiƙar nan yadda na rubuta shi. In na goge, babu sauran inda aka rubuta yadda hannuwanki suke aiki. In na gyara a ɓoye, na sake yi miki ƙarya. Duk wanda ya yi wa tsohuwar nan addu'a a wancan lokaci, ina roƙonsa ya sake, amma yau ya ambaci sunanki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya hutar da ke hutun da ba ki samu a nan ba. Ni kuma Ya yafe mini, tunda na makara wajen roƙonki.

Ɗanki da kika rufa wa asiri,
Sabi'u na Rakiya mai ƙuli