Hanyar Baba ta Canza Ƙamshi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, tarin Inna ma ya lafa.

Maganar ɓatan Baba ce ta sa na ɗauki biro. Na ga saƙonka cewa a riƙa kulle masa ƙofa, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Ba ruɗewar tsufa ba ce, Yaya. Ka san tun da ya rasa idonsa, da hanci da tafin hannu yake zuwa lambu. In ya ji ɗoɗɗoya ya karya dama, in doguwar ciyawa ta shafi gwiwarsa ya kusa gada, in ya ji na'ana'a ya iso rafi. To, shekara huɗu ke nan ruwan sama yana makara, zafi kuma ba sauƙi. Ɗoɗɗoyar ta ƙone, ƙaya ta gaje wurin ciyawar, na'ana'a kuwa sai can bayan dutse inda inuwa take. Ƙamshinta ya bi ranar Talata, har wani mai gyaran famfo ya tsince shi a can, ƙafa duk jini. Malamin gandun daji ya ce ba mu kaɗai ba ne, tsirrai masu son sanyi suna ta hawa tudu, masu jure fari suna cika kwari.

Na samo tsoffin bokitan ƙarfe tara, na dasa tsirran a ciki, na ajiye masa kowanne a inda ya san shi, kullum da safe ina ba su ruwa. Jiya ya fita, na bi bayansa a hankali, ya isa lambu bai kauce ba. Da ya dawo ya ce ɗoɗɗoyar bana ta waye, har ƙara take yi in sanda ta taɓa ta. Mun yi dariya, ni dai hawaye ne ya zubo min.

Daga baya ya tambaye ni ko da gaske ɗansa ya ce a kulle shi. Na ce ban ga saƙo irin wannan ba. Amma yau bai fita ba, yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa a cinya. Don Allah ka kira shi, ka tambaye shi labarin lambu, ka ce ya je ya dubo maka.

Gaishe min da Anti, da Auta, da Sarkin Surutu. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka mai taurin kai.