Ranar da Ka Hayo Sankira a Kasuwar Jega

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Sani. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan Allah Ya yalwata makwancinka. Balki ce. Raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai kai.

Ɗiyarka Asma'u ta samu tallafin digiri na biyu. Za ta yi bincike kan wasu 'yan na'urori da ake kafawa bakin gulbi, in ruwa ya taso su tura saƙo a waya. Na yi guɗa har maƙwabtana a Aliero suka leƙo. Sai ta karanta min sharaɗin: ba za ta faɗa wa kowa abin da ta gano ba sai masu tallafi sun yi bikin ƙaddamarwa. Yaya, wallahi nan take na katse guɗar. Sharaɗin da aka kashe maka karatu da shi ke nan, ko wasali ba a canza ba.

Ka tuna lokacin da jihar Kebbi take sabuwa fil, wata gidauniya ta ɗauki nauyin naka digirin. Suka ba ka kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam, don ka gano inda gulbi zai bi in damina ta yi hauka. Inna ta rufe kwamfutar da sabon zanenta kada ƙura ta taɓa ta.

Da damina ta yi nisa ka dawo gida ka kasa cin tuwo. Lissafinka ya nuna ruwa zai haye fadamar Dangamaji har ya kai ga rumbuna. Ka je ofishinsu ka roƙa a bar ka ka sanar. Suka ce ka jira biki, manyan baƙi ba su tsayar da rana ba tukuna. Jama'a, gulbi ya san wani babban baƙo?

Inna ta ji, ta ce: "Ilimin da bai hana gero nutsewa, mi amfaninai?"

Ranar kasuwar Jega ka sayi goro ka kai wa sankira, mai shelar kasuwa. Ina zaune bayan tarin albasa na ji muryarsa daga kara har layin mahauta, yana cewa mutanen bakin gulbi su kwashe hatsi da dabbobi su hau tudu. Wasu suka yi dariya, wai ɗan boko ya koma duba. Da yawa kuwa suka ɗaura wa jakuna kaya.

Ruwan ya zo. Ya ci shinkafar fadama, amma ya tarar da rumbuna wayam.

To, me aka saka maka da shi? Mota suka turo har ƙofar gida aka ɗauke kwamfutar, har da zanen Inna a kanta, marasa kunya! Wai ka saɓa alkawari, ka rage wa biki armashi. Ka koma koyarwa a Maiyama ba digiri, kuma har ciwo ya kwantar da kai ban ji ka zage su ba ko sau ɗaya. Ni na zage su, kuma ban gama ba.

Yanzu ga Asma'u tana tambayata ko ta sa hannu. Idonta irin naka ne in tana cikin damuwa, har sai na kawar da kai. Tsoro nake ji, Yaya. Ba na so a yi wa yarinyar ga abin da aka yi maka, ta ƙare da kwalin da bai cika ba. Amma ba zan iya ce mata ta ga ruwa tahe ta yi shiru ba. Na ce ta karɓa, ta yi karatunta, sauran ta bar min. Ni dai ban sa wa kowa hannu ba.

Sankiranka ya tsufa, amma ɗansa ya gaje shi, har lasifika gare shi. Na riga na kai masa goro.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Allah Ya ba Asma'u digirin da aka hana ka, Ya kuma bar mata zuciyarka.

Taka ƙanwa mai bakin nan da ka sani,
Balki