Gurjin Teku a Falon Lauwali

Zuwa ga Malam Ɗan'iya, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni, zuciyata tana son ta kai ni inda ba ni so.

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal. Ina da ɗan'uwa Lauwali, ɗan ƙanen mahaifina. Hannun Baffa Gidaɗo munka tashi a Kebbe, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Ni na yi karatu, shi ko aji fuɗu bai gama ba ya gudu Ikko. Da arzikin man fetur ɗin nan ya ɓarke ya shiga harkar siminti bakin jirgin ruwa, Allah ya buɗa mashi. Ya dawo ya gina gida nan Tambuwal, da janareta da na'urar sanyi. Wallahi duk wannan bai dame ni ba.

Bara ya ce in raka shi Ikko. Wani Bature ne zai koma ƙasarsu, shina sayar da akwatin gilashi mai kifin teku a ciki, shuɗi da rawaya, wani ma zane-zane kamar atamfa. Ruwan gishiri suke rayuwa, ba irin na gulbinmu ba. A ƙasan akwatin akwai wata halitta ba ido ba ƙafa, kwance cikin yashi. Sunan da Baturen ya kira ta, da Hausa gurjin teku ke nan. Ya ja mini kunne ƙwarai. Ya ce tana share dattin yashi, amma in ta ji ciwo, ko injin jan ruwa ya tsotse ta, ko ta mutu ba a lura ba, takan saki dafi cikin ruwan, kifin nan duka su mutu. Lauwali bai saurara ba, ya ce in mun koma gida in yi mashi bayani.

Ya saye su, anka kawo su ta jirgin sama har Sakkwato. Na faɗa mashi yadda za a haɗa gishiri da yadda za a ba su abinci. Maganar dafin na bari sai baƙin da sunka zo kallo sun watse. To ranan nan, gaban manyan gari, wani ya tambayi ko ni wane ne, Lauwali ya dafa kafaɗata shina dariya ya ce, "Tafintana ne." Malam, ni da na goya shi a bayana munka ƙetare rafi zuwa gona! Sai na haɗiye maganar dafin, har yau tana cikina.

Tun daga sannan gidansa ya zama kasuwa. Daga Dogon Daji, daga Fakku, mutane na zuwa kallon kifi. Baffa Gidaɗo, wanda duk zuwansa Tambuwal zaurena shika sauka, muna hira har la'asar, yanzu mota ke ɗauko shi daga Kebbe a ajiye shi gaban gilashi, shina tasbihi shina mamakin ikon Allah. Zuwansa na baya ko ƙofata bai taka ba. Ɗiyata Ummulkulsum ma can take wuni, ita ke tsoma hannu tana ba su abinci, ta dawo ba ta da zance sai na Baba Lauwali.

Makon jiya ta ce mini gurjin nan ya bar yashi, ya manne kusa da bakin injin, ya yamutse, launinsa ya koɗe. Na san abin da wannan ke nufi. Ga shi matar Lauwali ta kusa haihuwa, ya ce ranar suna har daga Sakkwato za a zo kallo. Abin da ke ba ni tsoro, da ta faɗa mini daɗi na ji. Nakan hango kifin nan sun taso sama ciki a waje, falon ya koma shiru, Baffa ya dawo zaurena. Ni ba abin da zan taɓa, shiru kawai nika yi. Shin shirun ma laifi ne? In kuwa na faɗa yanzu, ba zai ce me ya hana tun bara ba?

Naka,
Mai Zaure Shiru, Tambuwal

AMSA

Ɗan'uwa, wa alaikas salam.

Tambayar farko kai ma ka san amsarta, shi ya sa ka rubuto. Baturen amana ya ba ka ka isar. Wanda ya ga rijiya a buɗe kan hanyar ɗan'uwansa ya kame baki, ba zai ce ai ba shi ya haƙa ba.

Ban ce ba a yi maka ba daidai ba. Kalmar da Lauwali ya faɗa a gaban mutane ta yi nauyi, ko da wasa ya nufa, kuma sabon arziki yakan sa baki ya riga tunani. Kana da haƙƙin ka gaya masa ta yi maka zafi. Amma kifin ba su suka faɗa ba. Baffa kuma bai guje ka ba. Tsoho ne da ya girma bai taɓa ganin teku ba, sai ga ɗan yankinta an kawo masa har gida. Ka bar shi ya more.

Na tambayi wani masanin halittun ruwa, ya ce gargaɗin Baturen gaskiya ne, kuma alamun da yarinyar ta gani ba na lafiya ba ne. A ɗebe halittar a hankali cikin kwano, tare da ruwanta, kada a matse ta, a ware ta a wani mazubi. A rufe bakin injin da raga. A canza wani kaso na ruwan da sabon haɗin ruwan gishiri, a sabunta gawayin da ke tace ruwan akwatin. Ummulkulsum ta daina tsoma hannu, don dafin na iya ƙona ido da fata. Kifin da ya mutu a ciki kuwa a binne shi, kada kowa ya kai shi tukunya.

Ka je wurinsa kai kaɗai, ba a gaban baƙi ba. In ya ce me ya hana tun bara, ka ce ka yi kuskure, kada ka ƙara da hujja. Maganar tafinta ka ba ta ranarta daban. In ka haɗa su, zai ɗauka ciniki ka zo yi. Idan kuma kafin amsar nan ta iso ka abin ya riga ya faru, ka je ka taya shi kwashewa, ka faɗa masa gaskiya da bakinka.

Jin daɗin nan da ya tsorata ka, tsoron da ka ji alamar alheri ce. Mai hassadar da ta ci ƙarfinsa ba ya neman shawara. Ka ajiye jaridar nan ka sa takalmi, tun ana iya ceto.

Allah ya sauki matarsa lafiya, ya wanke maka zuciya, ya bar zumuncinku.

Ɗan'iya