Numfashin Baba

Al-Ranuna, Madina
4 ga Maris, 1981

Zuwa ga aminina Surajo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya Safiyatu, ya kuma sanyin Landan?

Wasiƙarka ta iso. Ka ba yaran nan mawaƙa masu tsinin gashi haƙuri, faifansu ya jira ni, ko su nemi wani. Shekara biyar ke nan ina bayan gilashin sutudiyo ina naɗar ihun 'yan kiɗan pank, kunnena na hagu har yau kuka yake kamar gyare ya shige ciki. Na gaji, Surajo.

Jikin Baba sai addu'a. Likitan mustashfa, wato asibiti, ya ce huhun ya ƙare. Ka san tun da na ajiye karatu na rungumi ganga bai taɓa tambayar sana'ata ba. Shekaranjiya kuwa, bayan la'asar, ya ce ya ji an ce aikina kama murya ne, to in kama tasa, ya bar wa Inna karatunsa. Na samo aron rikoda mai babban tef a unguwar Aƙiƙ, muka naɗi Suratu Yasin. Karatun na nan daram, amma ƙirjinsa na fito, tari kuma na tsinka ayoyin.

Kai ka san ni, a wurin yaran can ko gyatsa ba na gogewa, da haka ma na yi suna. Amma wannan ubana ne. Zan sa reza in yanyanke tef ɗin in gyara shi tas, ya ji cewa ɗansa ya iya wani abu.

Ka gaida mutanen gida.
Naka,
Badaru

Al-Ranuna
22 ga Maris, 1981

Surajo,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. An kai Baba maƙabartar Baƙi'a ranar Talata bayan azahar. Bai ji tef ɗin ba.

Kwana shida na yi a kansa. Duk inda ya ja numfashi ko ya yi tari, sai in yanke in liƙa. Ban taɓa aiki mai tsabta irin wannan ba. Guntayen da na cire kuwa na tattara su na zuba a shara da hannuna, kamar yadda muke yi kullum. Kwafi ban ajiye ba, tef ɗin ɗaya ne tak.

Jiya da masu gaisuwa suka ragu na kunna wa Inna. Ta saurara har ƙarshe, carbinta a hannu, ba ta yi kuka ba. Ta yaba karatun, ta sa mini albarka. Sannan ta tambaye ni wane alaramma ne wannan. Na ce ai Baba ne. Ta girgiza kai.

"Badaru, shekara goma da wannan fiton nake sanin yana raye. Ina numfashinsa?"

Na je wurin da ake zubar da sharar unguwa na tona har aka kira magariba, ashe motar baladiyya, hukumar gari, ta kwashe tun makon jiya.

Ka ce wa yaran ina tafe a ƙarshen wata, ba ni da wata sana'ar. Inna ta ce in tafi da tef ɗin, ita ba ta san mai shi ba.

Ka sa mu a addu'a.
Naka,
Badaru Ɗanmusa