Daɓen Tsakar Gidan Inna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon idon naki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai gajiya.

Na ga saƙonki, na karanta shi sau uku. Ban kira ki ba don na san in kika fara ba zan samu wurin sa baki ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Jikin Inna da sauƙi. Likita ya ce ƙashin ƙugun ya haɗe, saura tafiya: in ba ta takawa kullum, ƙafar za ta sandare. To yau sati biyar da sallamo ta, ba ta taka tsakar gida ba. Takan zo bakin ƙofa da sandar nan ta asibiti mai ƙafa huɗu, ta kalli daɓen, ta juya. Ba ta ce mini uffan a kai ba, kuma wallahi shirun nan ya fi faɗanki ciwo.

Kin ce ni na kayar da ita. Ban musa ba. Shekara talatin ina zuba kankare a gidajen masu hali, in buga musu zanen duwatsu da tabarmar roba, in watsa garin launi, in bi da man sheƙi, su fito suna ɗaukar hoto. Sai na ji kunya a ce uwata tana taka tsohon daɓe duk ramuka. Ranar da zan fara ta ce ita dai a toshe mata ramukan ya isa. Na yi dariya, na ce ta bari ta ga aikin ɗanta. Na goge sabon daɓen da cokalin magina na ƙarfe har sau huɗu, na shafa masa mai sau biyu. Gidajen da nake wa irin wannan, daga mota sai falo, babu mai ɗaukar bokiti. Na manta Inna tana zuwa famfo sau goma a yini, da silifas a jiƙe.

Kin ce ƙarshen wata za ki zo da mota ki tafi da ita. Yaya, a bene hawa na uku kike. In ta hau, ba saukowa. Ita ma da ta ji maganar, juya fuska ta yi bango. Ki ba ni zuwa ƙarshen watan. In ba ta taka ba, ni da kaina zan haɗa mata kaya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na gode da amsarki, duk da layi biyu ce kacal. Na gane, an ba ni dama amma ba a huce ba.

Na fasa daɓen. Abokan aikina sun ce wauta nake yi, wai in gauraya yashi mai laushi a cikin man in sake shafawa, santsin zai tafi. Gaskiya suka faɗa. Amma zai ci gaba da ƙyalli, kuma ba hannu Inna take sawa ta gwada ba, da ido take gwadawa. Muddin yana ƙyalli ba za ta sauko ba.

Kwana huɗu na yi da guduma. Ashe na iya aiki, Yaya, don abin ya ƙi fasuwa. Hannuna duk ya fashe, da kyar nake riƙe wannan biron. Maman yara tana gasa mini baya da ruwan zafi tana mitar wai na manta shekaruna. Maƙwabcin nan da yake kawo baƙinsa kallon daɓen ya leƙo ya ga tarin ɓaraguzai, ya riƙe baki, ya koma.

Wannan karon ba launi, ba zane, ba mai. Za a zuba, a daidaita, a ja buroshi mai dogon mariƙi a kai ya bar siraran layuka masu kaushi. Shi ke nan. Shi ne aikin da na daɗe ina rainawa, ina cewa na bakin gareji ne.

Jiya ina ɗaura igiya ina auna gangarar ruwa, sai na ji muryar Inna ta taga. Tambaya take ina layukan za su fuskanta. Na ce daga ƙofarta zuwa famfo. Ta ce ashe har yau ban iya shara ba: in layi bai bi hanyar kwata ba, duk mai share gidan nan zai yi ta kokawa da datti. Na tsaya na duba. Famfo yana gabanta, kwata tana hagu. In layukan suka nufi kwata, ruwa zai bi su ya wuce, kuma za su gitta hanyarta, ƙafa ta samu abin kamawa. Da an bar ni, da na sake yin kuskure. Wannan ce magana ta farko da ta yi mini a kan tsakar gidan, kuma faɗa ne, amma na ji daɗinsa.

Saura kwana goma sha biyu. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan idon ya washe. Daga kwance nake rubuto miki, ki yi haƙuri da rubutun.

Mun zuba ranar Asabar. Abokaina biyu suka kwaɓa, muka daidaita, na sallame su, na ce jan buroshi nawa ne ni kaɗai. Shi wannan aikin lokacinsa kaɗan ne. Sai ruwan saman ya ƙafe. In ka ja da wuri layin ya rufe, in ka makara buroshi ya bi ta sama bai kama ba. Na danna yatsa na ji ya yi daidai, na sunkuya zan ɗauki buroshin, sai bayana ya riƙe. Na zube a dandamalin bakin ƙofar Inna, ko miƙewa na kasa. Ga rana ta take, ina kallon kankare yana bushewa sumul, irin wanda na fasa. Ba zan ɓoye miki ba, hawaye na yi.

Ban ji fitowarta ba. Sai dai na ga hannu ya ɗauke buroshin daga gefena. Ta jingina da ƙyauren, ta ajiye sandar, ta fara ja daga dama zuwa hagu, yadda ta saba share gidan tun kafin a haife mu. Na buɗe baki zan ce kada ta danna da yawa, ta harare ni, ta ci gaba da jan abinta. Iya inda hannunta ya kai ta ja, kamar taku biyu. Kafin nan maman yara ta ɗaure mini ƙugu da zani, na lallaɓa ta kan katakon da muka gitta bisa daɓen na ƙarasa sauran.

Nata layukan a karkace suke, wani ya yi zurfi, wani da kyar ake ganinsa. Da wani ma'aikacina ne ya yi, da na sa ya sake. Ban taɓa su ba.

Na yi kwana biyar ina sa a yayyafa masa ruwa, an rufe da buhuna. Ranar da aka kwashe buhunan ta sauko. A kan nata kawai take tsayawa, ta je iyakarsa ta dawo. Kwana biyu tana haka, ni kuma ina leƙe ta taga kamar ɓarawo, na riga na fara tunanin wace jaka zan haɗa mata.

Yau da safe ta ɗauki butarta ta sauko. Ta zo inda nata ya ƙare nawa ya fara. Ba ta tsaya ba, Yaya, ko ƙasa ba ta kalla ba. Ta wuce har famfo, ta cika butar, ta juyo ta ce in daina leƙenta in je in kwanta.

Ki zo ƙarshen watan, muna marmarinki. Amma ki bar motar a gida.

Ƙaninki,
Auta