Darbejiyar da Muka Tsallakar da Ita Iyaka

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Iskar jiya ta kayar da darbejiyar ƙofar gidanmu, ta kwanta cikin lambatun unguwarmu, Madabo. Ta girme ni. Har ƙarfen da Baba ya kafa mata don ɗaure ragon layya yana nan a jikinta.

Maharazu, ƙanin matata Mardiya, ya samo kwangilar kwashe itatuwan da suka toshe magudanan ruwa daga ƙaramar hukuma. Mutumin da bai taɓa riƙe gatari ba. Ya zo in karanta masa takarda: "Yaya, kai ne ɗan boko." Shekara ashirin da shida ina koyar da adabi, yau dai an sami amfanina.

Laraba, 6 ga Agusta

Yaran Maharazu sun sare rassa, mata sun kwashe don girki. Saura gungumen. Injin yankan ya mutu, mai mota kuma ya ce ba ya shiga lungu. Maharazu na ta zufa, gobe mai duba aiki zai zo ɗaukar hoto.

Ni ne na sa tabarau na nuna masa layin da ke takardar kwangilar: "cikin iyakar unguwar Madabo." Na ce iyaka kuwa taku arba'in ce daga nan. Da wasa na faɗa. Ina jin da wasa ne.

Suka ɗaura igiya, suka ja shi cikin ruwa har ya wuce iyakar, ya shige ƙarƙashin kwalbatin unguwar ƙasa. Maharazu ya ce, "Wallahi karatu ni'ima ne!" Na ji daɗi. Wannan ne abin da ba na son rubutawa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Hoto ya yi kyau. Na rubuta musu rahoton kammala aiki, har da waƙafi a inda ya dace.

Talata, 12 ga Agusta

Ruwa tun hantsi har la'asar. Lambatunmu na gudu kamar an biya shi.

Laraba, 13 ga Agusta

Gungumen ya tare shara, shara ta tare ruwa, ruwa ya shiga gidan 'Yardada, wanda ke daf da kwalbatin. Ginin ƙasa ne. Katanga ta zube, da rumfar da take suyar ƙuli-ƙuli. Ɗaki ɗaya ya rage mata, gindinsa ya jiƙe har gwiwa. Magini ya ce wani ruwan irin na jiya zai kai shi ƙasa.

'Yardada ƙawar marigayiya Inna ce. Ita ta yi mini wankan jariri.

Na kira Maharazu. Ya ce, "Yaya, ai ba hurumina ba ne. Kai ka nuna mini."

Juma'a, 15 ga Agusta

Na je jaje bayan masallaci, da babbar riga, kamar baƙon kirki. Tana zaune kan turmi, kayanta a shanye. Na ce Allah ya mayar da alheri, na ƙara da maganar sakacin hukuma. Na iya wannan jawabin, na sha yin sa a majalisa.

Ta ce, "Salihuna, an ce kai ka riƙe musu biro a aikin lambatu. Allah ya yi maka albarka." Ta ƙulla mini ƙuli-ƙulin da ya tsira a leda, kamar ina ɗan shekara bakwai.

Yana kan kantar littattafai. Mardiya ta ce, "Malam, yau kuma azumi kake?"

Asabar, 16 ga Agusta

Na rubuta wa hukuma koke mai shafi biyu, babu sunana a ciki. Na karanta, ya yi daɗi ƙwarai. Na yaga. Hadari na haɗuwa ta gabas.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na aro gatari da igiya wajen Isyaku mai faskare, shi ma ya biyo ni don ya ga abin dariya. Na gaya wa Mardiya likita ya ce in riƙa motsa jiki.

Ruwan lambatu ya kai mini ƙugu. Ba zan siffanta shi ba, duk da na san kalmomin. Mutanen unguwar suka kama igiya, kafin azahar muka fitar da gungumen daga kwalbatin, gunduwa huɗu.

'Yardada ta fito da buta tana zuba mini a hannu. Ta nuna ƙarfen da ke jikin gunduwa ɗaya. "Tun ran Laraba na gane darbejiyarku ce. Ni nake miƙa wa ragon babanka dusa a gindinta." Ta ci gaba da zubawa. "Cuɗa sosai, tsakanin yatsun nan."

Na cuɗa.

An yi ruwa da la'asar, ya wuce ta kwalbati. Ɗakin yana tsaye. Gobe magini zai fara katanga, zan leƙa kawai, tunda hanyata ce. Ba hanyata ba ce.

Na ci ƙuli-ƙuli ɗaya. Da ƙyar ya wuce.