Matsakaicin da ya wuce gonar Baba

Zuwa ga Yaya Idi a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina gajiya, yaya ɗiya da uwarsu? Mu nan Garhanga lahiya lau.

Tahintan kumandan, Baturen mulki, ya zo batun hatsin rumbun tsimi da hukuma ke sa a tara saboda yunwa. Wai in an daidaita gonakin unguwarmu, a matsakaici kowace ta ba da dami arba'in, a kan haka za a ɗiba. Yaya, gonar Baba ce babba duk unguwar, dami talatin ta bayar! Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya matsakaici zai wuce babba?" Sai ya naɗe takardarsa, ya tambayi sunana.

Ban yarda da mutumin nan ba. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Kawu Sani. Suna kuwa, naka na ba shi, tunda kai kana nesa.

Ƙaninka, Abdu